Falke Cindo da Sheƙunan Dutsen Gabas

An ruwaito a tsofaffin littattafai cewa a zamanin Sarki Barau na Birnin Tsauni, bakin babbar rijiyar gari ya rufta da farkon damina. Sarki ya kira wani falke mai suna Cindo, wanda ke fataucin duwatsun niƙa, ya umarce shi ya fasa dutsen da ke gabas da gari a ɗaure bakin rijiya.

A wancan zamani da wuta ake fasa dutse. A tara itace a kansa, a hura har ya yi zafi, a kwara masa ruwa ya tsage. Cindo ya hau da mutanensa. Suna cikin jibge itace sai wata 'yar tsuntsuwa mai baƙin baya da jan ciki, irin masu zaƙin muryar nan, ta riƙa shawagi a kansa tana kuka. Ya leƙa tsagar da ta fito, ya ga sheƙar busasshiyar ciyawa da saiwoyi, an shimfiɗe ta da gashin rema, ga 'ya'ya ko gashi ba su yi ba, sun wage baki. Ya duba gaba, kusan kowace tsaga haka take. Sai ya ce a sauko da itacen.

Da labari ya kai fada, Sarki ya sa aka kawo shi. Ya ce, "Mata suna shan tafiya zuwa rafi, kai kana tausayin tsuntsu? Faɗa mini abin da zai hana in kore ka daga ƙasata."

Cindo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. A fataucina na taɓa sauka wani ƙauye a gindin dutse, duk kangaye, sai wata tsohuwa. Na tambaye ta ina mutane, ta ce, 'Ɗana, da damina muka ƙone dutsenmu don mu sami na gini. Tsuntsayen nan masu jan ciki ba su sheƙa a bishiya, sai a tsagar dutse. Iyayen suka tsere, 'ya'yan suka ƙone. Ashe su ke tsince mana tsutsa a gonaki. Shekara ta kewayo, tsutsa ta cinye gero, kowa ya watse. Ni kam na jure yunwa, shirun safiya ne na kasa sabawa da shi.'"

Sarki ya ce, "To, rijiya fa?"

Waziri Bagudu ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai wani dutse a yamma, sumul ba tsaga, sai dai da nisa."

Cindo ya ce, "Dakonsa a wuyana, da jakunana."

Haka aka yi. Jakunansa suka rame, shi ma ya zube, amma kafin kaka an ɗaure rijiya. Sarki ya sa aka yi shela cewa har abada ba mai kai wuta ko danƙo Dutsen Gabas, ya naɗa Cindo Sarkin Dutse, ya mayar masa da jakuna masu ƙarfi.

Masu hikima suka ce, kafin ka rushe wuri, leƙa ka ga wa ke kwana a ciki, domin wani maƙwabcin ba ka sanin amfaninsa sai ya tashi.