Ƙwayoyin da Badamasi Ya Ɓoye a Gwangwanin Iri

Akwai wani manomin tumatir a Bunkure, wajajen shekarar 2006, ana ce masa Malam Badamasi. Mutum ne mai ƙwazo, amma in ya kafe kan magana, ko matarsa Binta ba ta iya tanƙwara shi.

Likita ya ce yana da hawan jini, ya ɗora shi kan ƙwaya kowace safiya. Wata biyu yana sha, sai wata ranar kasuwa ya dawo da kwalbar man habbatussauda. Da ya ji jikinsa wasai, ya tura ƙwayoyin cikin gwangwanin irin tumatir, ya ja bakinsa ya yi shiru.

Roda, matar maƙwabcinsa Hananiya, ma'aikaciyar jinya ce, ita ke auna shi duk Asabar. Ran nan ta duba abin awon, ta sake dubawa.

"Baba, jinin nan ya hau sosai. Kana shan maganinka kuwa?"

"Ina shan wanda ya fi shi. Ke me kika sani game da habbatussauda?"

"Ni ma ina sha, Baba, ban ce ka bari ba. Amma ka fi ni sanin kanal ɗin ban ruwa. Gefensa ba ya sallama kafin ya ɓalle."

Ya yi dariya ya janye hannunsa. Daga ranar bai ƙara yarda ta auna shi ba.

Ranar da layin ban ruwa ya zo kan gonarsa, ya sunkuya zai buɗe wa ruwa hanya, sai fartanya ta suɓuce daga hannunsa na dama. Ya so ya kira Hananiya da ke gonar gefe, harshe ya ƙi. Hananiya ne ya tsamo shi daga taɓo, aka yi asibiti da shi.

Ya rayu, amma ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Abin tausayi, mutumin da ke ɗaga kwandon tumatir shi kaɗai, yau cokali ya gagare shi.

Da lokacin shuka ya zagayo, Hananiya ya zo karɓar iri don ya shuka masa. Binta ta zazzage gwangwanin a gaban mijinta, ƙwayoyin suka zubo, ko ɓare su ba a yi ba. Badamasi ya sunkuyar da kai yana hawaye.

Har yanzu Roda na zuwa duk Asabar. Tun kafin ta zauna yake miƙo mata hannun hagu.

Darasi: Habbatussauda abu ne mai albarka, amma kada ka ajiye maganin da likita ya ba ka don ka ji sauƙi, kuma kada girman kai ya hana ka jin mai gaya maka gaskiya. Ku tura wa duk mai hawan jini a gidanku.