Kurege da Tulun Burkutu

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da wuta.

Ta zo mu ji ta.

Wata damina ciyawa ta rufe geron Kurege, in ba a nome ba cikin mako, babu abincin shekara. Sai ya kira gayya. To, a garinsu ba a gayya sai da burkutu.

Ya jiƙa dawa, ta yi tsiro, ya niƙa, ya dafa, ya tace. Saura abin da zai zuba giyar ta tashi. Ya tafi wurin tsohuwa Bushiya mai ginin tukwane.

Bushiya ta nuna masa wata tsohuwar randa baƙa mai faɗin baki. Ta ce, "Ɗauki wannan, ɗan nan. Ta saba da giya. Ka rufe ta da faifai kawai, giya tana son numfashi."

Kurege ya dubi bakin randa, ya tuna ƙoƙon Kura. Ya ce, "Gwaggo, wannan baki ai har Kura ma sai ta shiga wanka. Ba ni wancan tulu."

"Wannan na ɗiban ruwa ne."

"Ba ni dai."

Bakin tulun nan, ƙoƙon kowa ba ya shiga sai na Kurege. Ya ɗura, ya toshe da tsumma, ya shafe da laka don kada ƙamshi ya gayyato maƙwabta. Rowa ba ta da kunya, wallahi.

Kwana ɗaya, tulu na gunaguni. Kwana biyu, tulu na gunaguni. Kurege ya ce gaisuwa ce yake yi masa.

Ranar gayya da hantsi ya kinkimi tulu zuwa gona. Yana direwa sai fam! Tulu ya tarwatse, ƙasa ta shanye giyar tas.

Sai ga Kura da Dila da Gyado da fartanyoyinsu. Kura ta shinshina, ta ce, "Kurege, ga ƙamshi. Ina giyar?"

Kurege dai bakinsa bai mutu ba. Ya ce, "Ranki ya daɗe, giyar bana ƙarfi gare ta. Da ta ji tafiyarku sai ta fasa tulu ta shige ƙarƙashin ciyawa. Ku tone ta kafin ta yi nisa!"

Suka duƙa. Su sara nan, Kurege ya ce ta yi gabas. Su sara gabas, ya ce ta yi kudu. Shi kuwa ya kishingiɗa a inuwa yana nuni da wutsiya, har barci ya kwashe shi.

Da la'asar ya farka, kowa ya gaji ya tafi. Gona fes, babu ciyawa ko ɗaya. Ya yi tsalle, ya yi guɗa. Sannan ya sake dubawa da kyau. Babu gero ko ɗaya.

Ƙurunƙus kan kaskon tulu. Wanda zai yi rowa, ya yi ta da randa mai faɗin baki, kuma kada ya yi barci.