Ƙofar da Aka Kulle a Toledo

Akwai wani ɗan Maraɗi mai suna Bouba da ke sayar da wayoyi a Barbès, cikin Paris. Mutum ne mai zafin nama, ko shayi a tsaye yake sha.

Kawunsa Mounkaila yana zaune a Lyon, wani gari a Faransa. Tun da ya yi shanyewar ɓarin jiki, da sanda yake tafiya, yana jan ƙafar hagu. Ya daɗe yana son ganin Toledo, tsohon garin nan na Sifen da Musulmi suka taɓa zama. Uwar Bouba ta matsa masa sai da ya yarda ya raka shi.

Garin a kan dutse yake, lungunansa matsattsu, ga hawa ga gangara. Kawu sai ya yi taku kaɗan ya tsaya.

"Haba Kawu, a haka sai rana ta faɗi ba mu ga komai ba," in ji Bouba. "Zauna kan bencin nan, in zaga in dawo."

"To, ɗana. Allah Ya tsare."

Bouba ya shige lunguna yana ɗaukar bidiyo. Can ya ga wani tsohon gida da ake gyarawa, ƙofarsa a buɗe. An liƙa alamar hana shiga, amma ya kutsa har cikin tsakar gidan.

Yana cikin ɗaukar hoton ginshiƙai ya ji an rufe ƙofa da ƙarfi. Ma'aikatan ne suka tashi, ba su san da mutum a ciki ba. Ranar Juma'a ce, ba mai dawowa sai Litinin.

Ya ruga ya jijjiga ƙofar, katako ne mai kauri. Ya duba waya, babu rezo, kira ba ya shiga, kuma bidiyo ya cinye cajin. Bango dogo ta kowane gefe, tagogi duk da ƙarafa. Ya yi ihu da Faransanci, ya yi da Hausa. Yana jin takun mutane suna wucewa da sauri, ba wanda ya tsaya.

Zafi ya ƙaru, maƙogwaronsa ya bushe, muryarsa ta dushe. Ya zauna a ƙasa yana buga ƙofar da guntun dutse. Sai a lokacin ya tuna da tsohon da ya ajiye kan benci kamar kaya.

Shi kuwa Kawu, da ya ji shiru ya yi yawa, sai ya miƙe ya bi lunguna ɗaya bayan ɗaya. Duk inda ƙafa ta gaza, ya jingina da bango ya huta. Yana jingine da wata ƙofa ya ji ana bugu daga ciki.

"Bouba?"

"Kawu! Ni ne! Sun kulle ni!"

"Alhamdu lillahi. Kwantar da hankalinka, ga ni nan."

Kawu ya ƙwanƙwasa gidan maƙwabta. Wata dattijuwa ta leƙo, da yake ba ya jin yarenta sai ya ja ta zuwa ƙofar ta ji da kunnenta, ta kira mai riƙe da makullin gidan a waya. Kafin ya iso, Kawu ya zauna a dandamali yana ba Bouba labarin ƙuruciyar uwarsa ta ramin makulli, har sai da ya sa shi dariya.

Da aka buɗe, Bouba ya ga ƙafar Kawu ta kumbura har ta cika takalmi. Ya durƙusa yana kwance masa igiya, hawaye na zuba.

"Kawu, ka yafe mini."

"Na yafe. Amma tashi ka nemo mana ruwa, ni ma ƙishirwa nake ji."

Darasi: Kada ka raina wanda ciwo ko tsufa ya rage wa sauri. Masu gaggawa wucewa suke yi, mai tafiya a hankali shi ke jin kukan wanda ya maƙale. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu tsoho ko marar lafiya a gida.