Kafinta da Gajeren Jagora

Akwai wani mutum a wani gari, kafinta ne, mai hannu ƙwarai. Kujerar da ya haɗa ba ta girgiɗi, ƙyauren da ya kafa kuma ba ya kuka. Aibinsa ɗaya ne, bai yarda da abu sako-sako ba. Kowace ƙusa sai ya ƙara mata guduma biyu bayan ta riga ta shige. Matarsa takan ce da iska tana da wuya, da tuni mijinta ya ɗaura mata igiya.

Mutumin nan yana da injin tsaga katako. Tebur ne na ƙarfe, zarto mai siffar faifai ya leƙo ta tsakiyarsa yana juyawa. A gefen zarton akwai wani miƙaƙƙen ƙarfe da ya tashi daga wannan bakin tebur har wancan bakin. A jikinsa ake jingina katako ana turawa, domin yankan ya fita a miƙe. Kafintan jagora yake ce wa ƙarfen nan, yana kuwa ji da shi.

Wata rana wata gwauruwa ta sa aka kawo masa katako uku na maɗaci, masu faɗi. Mijinta ne ya dasa itacen a shekarar da suka yi aure, iska kuma ta kayar da shi bayan rasuwarsa. Ɗakinta ba shi da ƙyaure, tsohuwar tabarma ce kawai a rataye, ga shi damina ta matso.

Ta ce, “Ɗana, da wannan nake so ka yi mini ƙyaure. Ba ni da wani itacen, wanda ya dasa shi ma ba ya nan.”

Ya ce, “Mama, kafin ruwan farko ya sauka za ki rufe ɗakinki.”

Kashegari da safe ya tayar da injin, ya ɗora katako na fari. Ya tura, zarto ya ci, komai lafiya lau. Da aka kai wajen rabi sai ƙarar injin ta sauya, wani ƙauri ya tashi. Kafin ya ankara, zarton ya fizge katakon ya watso masa shi a haƙarƙari. Ya faɗi zaune a cikin dusar katako, numfashi ya gagare shi. Kwana huɗu yana kwance, ko dariya ba ya iya yi. Katakon kuwa ya dare ta gefe ɗaya.

Yana kwance yana tunani, sai ya ce a ransa, “Na gane. Katakon ya sami wurin motsi ne. Jagoran ne bai isa ba.” Da ya tashi, sai ya je wurin mai walda aka ƙara wa ƙarfen tsawo har ya zarce bakin teburin. Ya ƙara ɗaure shi da noti biyu. Ya ja baya ya dube shi, ya ji daɗi, ya ce yanzu kam ko kura ce sai ta bi layi.

Ya ɗora katako na biyu. Wannan karon ya danna shi a jikin jagoran da iyakar ƙarfinsa. Bai ma kai rabi ba, zarton ya harba shi. Allah ya sa ya tsaya a karkace, katakon ya wuce ta gefen kunnensa, ya je ya fasa randar da ke bakin rumfa. A wurin matarsa ta tsaya tana ɗiban ruwa, ko minti ɗaya ba ta yi da barin wurin ba.

Ta fito a guje, ta ga ruwa yana malala, ta ga tsingaro a warwatse. Ba ta yi ihu ba. Ta ce, “Maigida, gwauruwa ɗaya ta isa a maganar ƙyauren nan. Ka sayar da injin nan, ka mayar wa baiwar Allah sauran katakonta.”

Maganar ta shige shi, gama ya tsorata ƙwarai. Amma ya duba ya ga in katako na uku ya fita lafiya, zai haɗa da abin da ya ragu na biyun, ƙyaure ya samu. In kuwa ya lalace, shi ke nan, babu ƙyaure, babu sauran itacen mijinta. Ya ɗaga kai ya ga gajimare sun fara taruwa a gabas.

Ya ce, “Ba zan sayar ba, ba kuma zan ƙara kunna shi ba sai na san abin da yake sa shi harbi. Na yi wa matar nan alkawari.”

To, a wani gari mai nisan tafiyar yini akwai wani tsoho da ya tsufa a kan tsaga katako. Yatsu uku ne suka rage a hannunsa na dama. Kafintan ya ɗaure katakon da ya lalace a bayan kekensa, ya kama hanya, haƙarƙarinsa yana sukarsa a kowane gargada. Sau biyu yana sauka ya huta, amma bai juya ba.

Tsohon bai tambaye shi dogon labari ba. Ya shafa bakin yankan da yatsunsa uku, ya tsaya a inda katakon ya ƙone ya yi baƙi.

Ya ce, “Ɗana, ina ne zartonka yake yanka, gabansa ko bayansa?”

Kafintan ya ce, “Gabansa, Baba.”

“To bayan ya riga ya yanka, me jagoranka yake nema a can baya?”

Tsohon ya ce, “Itace yana da abin da ya riƙe a cikinsa tun yana tsaye, iskar da ta kaɗa shi, da gefen da ya karkata yana neman rana. In ka tsaga shi sai ya ɗan buɗe, yana neman ya miƙe ƙafa. In bai sami wuri ba, ƙarfe ya tare shi, ina zai je? Sai ya koma kan haƙoran baya, su kuwa sama suke tashi. Su ne suke jefo maka shi. Ka sami guntun katako mai santsi ka ɗaura a jikin ƙarfen, ya fara daga gabanka, ya ƙare daidai tsakiyar zarton. Bayan nan ka bar fili.”

Kafintan ya ce, “Baba, in na rage jagora ai katako zai bi son ransa.”

Tsohon ya ɗaga hannunsa na dama ya ce, “Ni ma haka na ce a lokacin da suke biyar.”

Kafintan ya koma gida. Ya yanko guntun katako, ya goge shi sumul, ya ɗaura kamar yadda aka faɗa masa. Da ya ga filin da ya bari a bayan zarton, sai ransa ya ƙi. Wajen faɗin yatsa biyu ne kawai, amma a idonsa kamar an bar ƙofar gida a buɗe. Har ya ɗauko sifana zai kwance, sai ya tuna da randar nan, ya ajiye.

Ya ce wa matarsa ta koma ciki. Ya sassaƙa ɗan sanda na turawa domin hannunsa ya yi nesa da haƙora, ya tsaya a gefe, ya yi addu’a, ya kunna. Ya jingina katako na uku a jikin gajeren jagoran da kyau, bai yi masa sakaci ba ko kaɗan. Zarto ya ci. Da yankan ya wuce ƙarshen jagoran, sai ya ga da idonsa katakon ya ɗan buɗe, ya shiga filin nan da aka bar masa. Hannun kafintan ya yi ƙaiƙayi yana so ya danna, amma ya cije. Ƙarar injin ba ta sauya ba. Katakon ya fita ta can baya, ya kwanta, a miƙe sak, babu ƙuna.

Ya haɗa ƙyauren, ya je ya kafa. Yana ɗaure fata ta ƙarshe mai riƙe ƙyauren a jikin ƙofa aka fara yayyafi. Gwauruwar ta rufe, ta buɗe, ta sake rufewa, sa’an nan ta kifa tafin hannunta a jikin maɗacin.

Ma’anar wannan misali ita ce, ’yan’uwa, ku iyaye nake yi wa magana yau. Katakon nan ’ya’yanmu ne, amana ce aka kawo mana, ba mu muka dasa ba, ba kuma za a ba mu wasu a madadinsu ba. Jagoran shi ne tarbiyyar da muke ba su. Zarton kuwa shi ne girma, inda rayuwa take raba yaro da ƙuruciya ya zama mutum mai kansa.

Kada wani ya fita daga nan ya ce malami ya ce a saki yara. Ban faɗa ba. Tsohon bai ce a cire jagora ba. Kafin a kai zarto, a riƙe da kyau, a koya musu tsoron Allah, a tsawata inda ya kamata. Amma jagora yana da inda ya kamata ya ƙare. Ubanmu na sama ma ya ba mu maganarsa, ya nuna mana hanya, bai kuwa sa mana igiya a wuya ba. Mu ne muke so mu fi shi tsanani. Ɗanka ya yi gemu, ya yi aure, har yanzu kai ne mai cewa ga unguwar da zai zauna. ’Yarki tana goyon na biyu, har yanzu ke ce mai auna mata gishirin miya. In suka ɗan motsa, mu ce taurin kai ne, mu je wurin mai walda a ƙara ƙarfe. Ranar da suka harbo mu, sai mu zo nan muna roƙo a yi mana addu’a, shaiɗan ya shiga gida.

Ba daga nesa na san kafintan nan ba. Ina da ɗa, shekararsa talatin da ɗaya. Ni na zaɓar masa aikin da zai yi, na kushe gidan da ya kama, har sunan da ya raɗa wa ɗansa na ce bai yi ba. Kirsimati biyu ke nan bai zo gida ba. Na sha jin ƙaurin, na ce rashin kunya ce. Uwarsa ta faɗa mini gaskiya tun da wuri, na ƙi ji. Abin yana yi mini zafi, ba zan ɓoye muku ba.

Saboda haka kowa ya je ya duba jagoransa a makon nan, ya ga inda ya wuce zarto, ya rage. Zai yi wuya, hannu zai yi ƙaiƙayi. Ku cije. Ni dai na riga na ƙudura, gobe da safe zan shiga mota in je inda yake. Ba na ɗauke da shawara ko ɗaya. Zan ƙwanƙwasa ƙofar gidan nan da na kushe, in tsaya a waje har ya buɗe, in kira jikana da sunan da ubansa ya sa masa.

Mu yi addu’a.