Yadda Man Gyaɗa Ya Rasa Wurinsa a Cikin Ruwa

Dalilin da ya sa mai ba ya shiga ruwa, sai dai ya yi ta yawo a samansa, ba gaba ba ce, yara. Taimako ne ya jawo.

A da can ruwa ba ya kwanciya a tulu. Yawo yake a iska kamar hayaƙi, mai jin ƙishi sai ya buɗe baki ya bi shi da gudu. Kowace ƙwayar ruwa kuwa, wadda ido ba ya iya gani, gida ne na mutum uku: Gwaggo Oksijin a tsakiya, sai 'ya'yan ƙanenta 'yan Haidirojin, Jatau a dama, Tunau a hagu. Tsakaninta da kowane yaro akwai igiya, an ɗaure musu ƙuli-ƙuli a jikin igiyar, na tarayya. Gwaggo ta fi ƙarfi, don haka kullum ƙulin yana kusa da ita. Amma da yake a miƙe suke kamar sandar mai garuwa, jan dama yana kashe jan hagu, gidan ba ya karkata ko'ina.

Man Gyaɗa abokinsu ne. Su a gidansu ba mai jan wani, shi ya sa yake da lokacin leƙa gidajen mutane. A tsakanin 'yan ruwa yake wuni, ba shi da wani wurin hira sai nan. Yaran ne kawai ke ba shi tausayi.

"Gwaggo, yaran nan fa sun rame," in ji shi wata rana.

"Haka aka haife su."

"Ki ɗan sassauta igiyar mana."

"Ni ba ja nake ba, Man Gyaɗa. Riƙewa nake da kyau."

Man Gyaɗa ya yi nazari, ya ga ai wanda bai ƙoshi ba ne yake ja. Sai ya je ya ƙunso ƙuli-ƙuli ƙunshi biyu, nata ita kaɗai. Da yake mutum ne mai adalci, kowace Gwaggo ta kowane gida sai da ya kai mata.

Gwaggo ta yi godiya, ta sa albarka, ta goye ƙunshin a baya, ɗaya ta nan, ɗaya ta can. Igiya kuwa ko yatsa ba ta sassauta ba.

"Gwaggo, kayanki na tokare ni," in ji Jatau.

"To matsa gaba. Kaya ne za su matsa maka?"

Jatau ya matsa, Tunau ya matsa, har gidan ya lanƙwashe kamar gwiwar hannu. Yanzu ja biyun duk baya suka nufa, ba mai kashe wani. Baya ya cika dam, gaba sai yunwa. Yaran wannan gida suka ji ƙanshi a bayan Gwaggon maƙwabta, suka manne mata. Yaranta su ma suka manne wa ta gaba. Kafin Man Gyaɗa ya gama murmushi, duk ruwan duniya ya sarƙe, ya yi nauyi, ya faɗo cikin tuluna da koguna, shi ma da shi a ciki.

Ya nemi inda ya saba zama, babu ko masakar tsinke.

"Tunau, ɗan ba ni hanya."

"Kawu, in na saki, wani zai kama wurin."

"Gwaggo, ni ne fa na kawo ƙulin."

"Na sani, Allah ya saka. Amma me za mu riƙe a jikinka? Ba ka da gaba, ba ka da baya, ko'ina sumul."

Ba wanda ya kore shi. Kowa dai ya ƙara ƙanƙame na kusa da shi, sai Man Gyaɗa ya ji yana hawa sama a hankali, yana ta cewa a yi haƙuri, har ya tsinci kansa a waje.

Shi ya sa har yau, ko kun zuba ruwa da mai a kwalba kun girgiza har hannu ya gaji, za ku ga man ya kutsa, ya tarwatse, ya bi gida-gida yana sallama. Ku ajiye kwalbar kaɗan. Zai tattara kansa ya koma sama ya kwanta, yana leƙen ƙasa, yana jiran ranar da Gwaggo za ta ƙoshi.