Jan Bulon Ƙofar Gidan Mama

Akwai wani mai kemis, auta a gidansu, wanda Allah ya buɗa wa kasuwa har ya ga lokaci ya yi da zai gyara wa mahaifiyarsa gida. Mahaifinsu ya daɗe da rasuwa. Gidan kuma ya tsufa, rufi na yoyo, fenti ya ɓare, bangon baya ya tsattsage.

Ya kai Mama gidan Yayarsa, ya ce ta huta a can wata biyu. Aka sauya kwanon rufi, aka gyara wayoyin wuta, aka sa sababbin tagogi. Abin da ya rage kawai shi ne fentin waje.

Mutumin kirki ne, hannunsa a buɗe yake. Matsalarsa guda ce: in ya yanke magana, duk wanda ya kawo wata sai ya ji kamar an raina masa wayo.

Gaban gidan yana da adon jan bulo, irin ƙonannen nan da ba a shafa masa siminti. Ya zagaye ƙofar shiga, ya bi ƙasan tagogi, kuma da shi aka tayar da ginshiƙan baranda guda biyu. Mai kemis bai taɓa son bulon nan ba. A ganinsa tsohon yayi ne, ga shi wasu layukan ma ba su miƙe ba.

Ya ga hoton wani gida a waya, ruwan toka mai duhu tun daga sama har ƙasa. Nan take ya ce shi ma haka yake so.

Aka haɗa shi da wani dattijon mai fenti da ake kira Baba Sannu-Sannu, saboda bai taɓa yin gaggawa a kan aiki ba. Dattijon ya zo, ya zagaya gidan sau biyu, ya tsaya a gaban ginshiƙi yana shafa bulon da tafin hannu.

Mai kemis ya miƙa masa wayar. "Baba, ga kalar da nake so. A bi ko'ina da ita, har bulon nan. Kada a bar mini ko ɗigon ja."

Dattijon ya kalli hoton, ya kalli bangon. "Maigida, kalar tana da kyau a waya. Amma kalar waya daban, kalar bango a rana daban. Ka bari in shafa maka kala uku a gefen bulon, ka duba da safe, da tsakar rana, da yamma. Gidan da ke da bulo, bulon ake fara tambaya kafin a zaɓi fenti."

"Bulo ake tambaya? To ni na tambayi kaina."

"Sannan akwai wani abu," in ji dattijon. "Bango in ka yi masa kalar da ba ta yi maka ba, gobe sai mu sake. Amma ƙonannen bulo shan fenti yake yi. In ya sha, ko kankare shi aka yi ba zai koma yadda yake ba. Ka yi shawara da mutanen gida?"

Ran mai kemis ya ɓaci. "Baba, fenti na kira ka ka yi mini, ba wa'azi ba. Zan yi tafiyar kwana uku sarin magani. In dawo in tarar an gama. In ba za ka iya ba, masu fenti sun yi yawa a gari."

Dattijon ya ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Washegari mai kemis ya tafi. A rana ta biyu da tsakar rana, yana zaune a shagon dillalin magani ana ɗaure masa kwalaye, ya kira Yayarsa don ya ji lafiyar Mama. Cikin hira ya tura mata hoton, yana jiran yabo.

"Kai, ya yi kyau," in ji Yaya. "Amma dai ka gaya wa mai fentin ya kiyaye bulon Baba ko? Kullum Mama sai ta tambaye ni."

"Bulon Baba kamar yaya?"

Yaya ta ce, "Auta, kana nufin ba ka sani ba?"

Sai ta ba shi labari. Lokacin yana makarantar koyon haɗa magani a nesa, mahaifinsu, wanda magini ne, ya samu shanyewar ɓarin jiki. Aka ɓoye masa don kada ya bar karatu. Da mahaifin ya ɗan samu sauƙi, ba wanda ke ba shi aiki kuma. Zaman ya ishe shi, sai ya ce zai yi wa ƙofar gidansa ado da ragowar bulon da ya ajiye. Da hannu ɗaya yake ɗorawa. Mama ce ke kwaɓa siminti, ita ke miƙa masa bulo ɗaya bayan ɗaya. Wata rana su ɗora goma, wata rana uku, ya gaji. Wata huɗu suka yi a kai.

"Shi ne aikinsa na ƙarshe," in ji Yaya. "Inda ka ga layi ya karkace, ranar hannun ne ya ƙi."

Mai kemis ya tuna baya. Da ya dawo hutu a wancan lokacin ya ga adon, ya ɗauka leburori aka sa. Bai taɓa tambaya ba.

"Auta, kana ji na? Me ka ce wa mai fentin?"

"Yaya, zan kira ki."

Ya kira Baba Sannu-Sannu. Waya ta yi ta ƙara, ba a ɗauka ba. Ya sake kira. Sau tara ya kira. Ya nemi maƙwabci, aka ce ya tafi aiki tun safe.

Ya bar kwalayen a wurin dillali, ya ce a aiko masa daga baya. Ya kama hanya. Awa huɗu yana tuƙi, babu abin da ke yawo a kansa sai muryarsa yana cewa kada a bar masa ko ɗigon ja. Yana ta lissafin abin da zai gaya wa Mama, ya rasa ta inda zai fara.

Da yamma ya shigo layinsu. Tun daga nesa ya hango gidan ya yi fari. Bai ga ko ɗigon ja ba. Ya ajiye mota a karkace, ya fito ko ƙofar bai rufe ba.

Ginshiƙan baranda a naɗe suke da tsofaffin jaridu da leda. Haka gefen ƙofa, haka ƙasan tagogi. Ya sa hannu ya yage jaridar.

Bulon na nan, ja kamar yadda yake. An ma wanke shi, ya fi da haske.

Ya zauna a bakin baranda. Ya daɗe yana sauke numfashi.

Baba Sannu-Sannu ya sauko daga tsani a hankali, riƙe da buroshi. "Maigida, ka dawo da wuri. Lafiya dai?"

"Baba, sau tara na kira ka!"

"Ai ba na ɗaga waya a kan tsani. Sau ɗaya na taɓa gwadawa, har yau ƙuguna bai yafe mini ba."

Mai kemis ya yi dariya, idonsa cike da ƙwalla. "Ba ka rufe shi ba."

"Ban ƙi maganarka ba," in ji dattijon. "Na kankare tsohon fenti, na toshe tsagewa, na yi farin shafen farko. Wannan ma aikin kwana uku ne in za a yi shi da kyau. Ni dai a aikina, abin da ba a iya gyarawa shi nake bari ƙarshe. Da ka dawo ka sake cewa a rufe, da na rufe, gidanku ne."

"Ka san wanda ya ɗora shi?"

"Ban sani ba. Na dai ga hannun gwani ne da ƙarfi ya ƙare masa. Na ce irin wannan ba a rasa labari a bayansa."

Mai kemis ya kama hannun dattijon da hannu biyu. "Baba, na yi maka rashin kunya. Ka yafe mini."

"Ya wuce. Tashi ka ga abin da na shafa."

A jikin bango, dab da bulon ƙofa, akwai shafe uku: ruwan toka mai duhu, fari fat, da ruwan madara.

Da safe ya ɗauko Mama da Yaya. Aka ajiye wa Mama kujera a tsakar fili. Suka duba da safe, suka dawo da rana, suka sake dubawa da yamma. Tokar da ya mutu a kanta, a gefen bulon sai ta zama kamar bangon da hayaƙi ya dafa, ta kashe jan gaba ɗaya. Farin kuma da rana har ido yake kashewa, bulon ya koma kamar datti. Ruwan madarar ne kaɗai ya zauna lafiya, jan ya fito sosai.

"Wannan," in ji Mama, tana nuni da sandarta.

"Ni ma shi," in ji mai kemis da sauri.

Yaya ta harare shi. "Yau kuma? Ashe kana iya yarda da zaɓin wani."

Baba Sannu-Sannu ya ba da shawarar a yi wa ƙarfen tagogi da babbar ƙofa ruwan ƙasa mai duhu, don su bi bulon. Ba wanda ya yi musu.

Bayan kwana biyar aka gama, Mama ta dawo ɗakinta. Masu wucewa har tsayawa suke su kalli gidan, maƙwabta biyu kuma suka nemi lambar dattijon.

Ranar da ta tare, mai kemis ya zauna kusa da ita a baranda, ya gaya mata gaskiyar abin da ya so ya yi, bai rage komai ba.

Mama ta daɗe tana kallon ginshiƙin. Sannan ta ce, "Da ka rufe shi, Auta, da ba zan ce maka komai ba. Sai in yi maka godiya, in shige ɗaki."

Wannan maganar ta fi masa faɗa ciwo. Ya sunkuyar da kai.

Ta dafa kafaɗarsa. "To ai ba a rufe ba. Ɗago kanka. Jeka ka kawo mini ruwa."

Darasi: Kafin ka yanke hukunci a kan abin da ba ya gyaruwa, tsaya ka tambaya. Abin da kake gani tsohon yayi ne, wataƙila shi ne mafi daraja a wurin wani naka. Kuma kada ka raina shawarar mai sana'a don kai ne ka kira shi aiki, haƙurinsa na iya tsare ka daga nadamar shekaru. Idan labarin nan ya taɓa zuciyarka, tura wa 'yan uwa da abokai su ma su amfana.