Cinikin Ƙasar Bayan Gulbi

"Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunne."

"Ta zo mu ji ta, Kaka."

To ku gyara zama, ba na maimaitawa.

Sarkin Gabas ne yake da wata ƙasa a bayan gulbi, faɗinta tafiyar wata guda a kan jaki. Bai taɓa taka ta ba. Da yaƙi ya cinye masa rumbuna, sai ya aika wa Sarkin Yamma ya ce, "Ka saya?" Shi kuma ya ce, "Na saya." Sai suka haɗu a bakin ruwa, aka kora shanu dubu, aka ce daga gulbi zuwa dutse, aka shafa fatiha. Mutanen da ke cikin ƙasar, ba wanda ya tambaye su.

A cikinsu akwai wata tsohuwa, Tasalla mai daddawa. Ɗorawa bakwai gare ta, gadon uwarta, da su take ci take sha.

Ran nan sai ga jakadan sabon sarki da masu gatari. Wai za a share daji a shuka auduga. Har sun kwantar da wani gefe. Sai Tasalla ta sauke tukunya, ta je ta jingina da ɗorawarta.

Jakada ya ce, "Iya, matsa."

Ta ce, "Ɗan nan, ran ciniki an dafa ɗorawa?"

"An dai ce daga gulbi zuwa dutse."

"Wannan ƙasa ce. Mu a nan, mai sayar da gona sai ya zagaya da mai saye, ya dafa itace ya ce har da wannan. Wanda ba a dafa ba na mai roronsa ne."

Jakada ya sosa ƙeya, ya koma. Sarakuna ne fa, ko gonar gyaɗa ba su taɓa sayarwa da kansu ba, ina za su sani?

Sai ya dawo da alƙali, suka nufi kaɗanya. Kafin su isa, Tasalla ta tara matan gari, kowacce ta jingina da tata.

Ta ce, "Allah gafarta malam, an dafa kaɗanya?"

Alƙali ya buɗe takarda, ya duba sama, ya duba ƙasa, ya juya baya. Ya ce, "Ba a dafa ba. Gaskiyar tsohuwa." Suka koma.

Na uku sai Sarkin Yamma ya zo da kansa, ransa a ɓace, don a garinsu har waƙa ake masa, wai ya ba da shanu dubu ya sayo inuwar mutane.

Ya ce, "Ke ce mai hana ni ƙasata?"

Tasalla ta dube shi. Ta ce, "Ranka ya daɗe, gatari naka ne, in sarewa ce ka iya." Sai ta duƙa ta damƙo ƙasa daga gindin ɗorawa, baƙa wuluk mai laima. Ta je inda aka share, ta damƙo rairayi. Ta buɗe masa hannu biyu. "Wacce ka saya?"

Sarki ya dubi baƙar ƙasar, ya dubi rairayin.

Ta ce, "Sare su, damina biyu duk ƙasar ta koma rairayin nan. Sauko mu zagaya yadda ake yi."

Sai ya sauko. Wata guda suna tafiya, tsohuwa a gaba, sarki a baya, ƙafarsa duk ƙaya. Ta nuna masa rijiyoyin da ba sa ƙafewa. Ta nuna masa jigawar da auduga ke so. Shi kuma duk itacen da suka iske, sai ya dafa ya ce, "Wannan naku." Da suka zo kan ɗorawa bakwai, ta sa shi ya dafa su ɗai-ɗai, gaban shaidu.

Auduga ta yi, kasuwa ta ci, masu waƙa suka sauya baiti. Tasalla ta mayar da tukunyarta kan wuta.

Ƙurunƙus kan kusu, na sauke kayana. Abin da ba ku taka ba, kada ku saya. In kun saya, ku tambayi wanda kuka tarar. Ku tashi, gobe akwai surfe.